Tsohuwar kwalba da shaidunta: yadda jar giyar inabin Faransa ke samun farashinta

A watan Oktoban 2018, a wani gwanjo da kamfanin Sotheby's ya yi a New York, an sayar da kwalba ɗaya ta jar giyar inabi a kan dala 558,000. Kwalba ce irin wadda aka saba gani, mai cin kashi uku cikin huɗu na lita. An tsinki inabinta a 1945 a wata 'yar gona mai suna Romanée-Conti da ke yankin Burgundi na Faransa, gonar da faɗinta bai kai hekta biyu ba, kuma kwalabe kusan 600 kacal aka samu a wannan shekara. Wanda ya saya bai ɗanɗana ba kafin ya biya. Ba ma yadda za a yi ya ɗanɗana, domin ranar da aka cire toshiyar kwalbar, ranar kuɗin ya bi iska. To me ya saya?

Mafi yawan masu karanta wannan rubutu Musulmi ne, hukuncin giya a wurinsu a fili yake, ba kuma shi ake tattaunawa a nan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne kasuwar kanta. Da wuya ka sami wata haja a duniya da ake biyan irin wannan kuɗi a kanta alhali mai saye ba shi da hanyar tantance ta sai ya lalata ta. Saboda haka darajarta kacokan ta rataya ne a kan shaidu: takardar da ta ce daga gona kaza take, tarihin inda aka ajiye ta, da bakin mutanen da suka taɓa shan irinta.

Waɗannan mutane na ƙarshe su ne ba a cika lura da su ba. A Landan, da New York, da Hong Kong, da Singafo, da Paris, akwai ƙananan ƙungiyoyi na masu tara tsofaffin kwalabe, likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki, waɗanda in tafiya ta kama ɗayansu zuwa wani birni, abu na farko da yake yi bayan sayen tikiti shi ne ya aika wa abokan sha'awarsa na can saƙo: ina tafe ranar kaza, da kwalba kaza a jakata, wa ke gari? Sai a nemi gidan cin abincin da ke yarda baƙo ya shigo da kwalbarsa ya biya kuɗin buɗewa. A tsayar da jigon dare. Wani lokaci gona ɗaya za a ɗauka a jera shekarunta, a ce 1982 da 1986 da 1990 da 1996, a ga yadda kowace shekara ta tsufa. Wani lokaci shekara ɗaya za a ɗauka a jera gonaki daban-daban. Kowa ya zo da tasa, kuma abin kunya ne ka zo da mai araha ka sha masu tsadar mutane. Ba a wuce mutum goma ko sha biyu, domin iyakar abin da kwalba ɗaya za ta zagaya ke nan kowa ya sami ɗan kurɓi.

Mai kallo daga waje zai ce shagalin masu kuɗi ne kawai, kuma da gaskiyarsa ta wani gefen. Amma akwai lissafi a ciki. Ko mai kuɗi ba zai iya buɗe irin waɗannan kwalabe goma shi kaɗai a dare ɗaya ba, kuma ba a sanin kwalba sai an aza ta kusa da 'yar uwarta. In mutum goma suka haɗu, kowa ya kashe kuɗin ɗaya ya ɗanɗani goma. Abin da suka rubuta bayan an tashi, cewa ta shekara kaza ta fara gajiya a sha ta yanzu, ta shekara kaza kuma a ƙara mata shekara goma, shi ke yawo har ya isa kunnen dillalai da masu gwanjo. A kan waɗannan tebura ake ƙera wani ɓangare na farashin.

Me ya sa ma ake ajiye ta? Yawancin giyar inabin da ake yi a duniya ba ta son ajiya, in ta wuce 'yan shekaru lalacewa take yi. Kaɗan ce ke gyaruwa da tsufa, kuma sirrin yana cikin fatar inabin da 'ya'yansa. Jar giya ana barin ruwanta ya jiƙu tare da fatar, daga nan take samun launi da wani sinadari mai kama baki, irin baurin da ɗanyen goro ke bari a harshe. Sabuwar kwalba daga manyan gonakin yankin Bordo na Faransa tana da wannan bauri sosai, har ba ta da daɗin sha. Cikin shekara goma sha biyar ko ashirin ko talatin, da 'yar iskar da ke ratsa toshiya a hankali, baurin yana laushi, wani sashensa ya kwanta a gindin kwalba ya zama guiɓi, launin ya tashi daga ja mai duhu ya koma kalar jan bulo, ƙamshin 'ya'yan itace kuma ya ja baya ya ba wa wani ƙamshi wuri, wanda masu abin ke kwatantawa da fatar jima, da ganyen taba, da ƙasa mai laima. Daga nan sai gangara. Kowace kwalba tana da lokacin da ta kai ƙololuwa, kuma babu agogon da ke faɗa. Rabin gardamar da ake yi a kan teburin a kan wannan lokaci ne.

Shekarar girbi kuma ita ce rabin sunan kwalbar, domin Faransa ba ƙasar da yanayi ke maimaita kansa ba ce. Sanyin watan Fabrairun 1956 ya kashe kurangar inabi da yawa a Bordo. Sanyin Afrilun 2017 da na Afrilun 2021 sun ƙone sabon tsiro a gonaki masu yawa, har manoma suka riƙa kwana suna kunna wuta a tsakanin kunyoyi. Ruwan sama a makon girbi yana iya tsinka amfanin shekara. Shi ya sa 1945, 1959, 1961, 1982, 1990, 2005, 2009 da 2010 suka zama lambobin da kowane mai sha'awar Bordo ya haddace, gona ɗaya kuma farashin shekararta mai kyau ya ninka na marar kyau sau da yawa.

Manyan sansanoni biyu ne, kuma masoyansu ba sa gajiya da musu. Bordo tana kudu maso yamma, inda kogunan Garonne da Dordogne suka haɗu suka nufi teku. Kasuwancinta ya ginu ne a kan Ingila tun bayan auren Eleanor ta Aquitaine, magajiyar yankin, da Henry, yariman da ya zama sarkin Ingila daga baya, a 1152, wanda ya sa yankin ya zauna a hannun sarakunan Ingila har 1453. Gonakinta manya ne, kowace da sunan gidanta, kuma gauraya iri ake yi: a gaɓar hagu, inda ƙasa tsakuwa ce, irin Cabernet Sauvignon ke rinjaye, a gaɓar dama mai yumɓu kuma Merlot. Babban gida a can yana iya fitar da kwalabe sama da dubu ɗari a shekara. Burgundi tana gabas, kuma komai nata akasin haka ne. Iri ɗaya ake yin jar giya mai daraja da shi, Pinot Noir, daraja kuma ta filin ce kafin ta mai shi. 'Yan zuhudun Kirista ne suka shafe ƙarnuka suna rarrabe gangaren tudun nan fili-fili, har aka kai filaye 1,247 masu suna, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace filayen coci aka sayar, dokar gado ta zamanin Napoleon kuma ta riƙa raba su tsakanin 'ya'ya. Yau gonar Clos de Vougeot, mai kimanin hekta 50, tana da masu ita kusan 80. Kwalabe biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya fitowa daga hannun manomi mai kula da kuma marar kula. Wanda ya san Bordo ya haddace gidaje. Wanda ke son sanin Burgundi sai ya san mutane, ya san wa ya gaji wa, wace ce ta auri wa ta shigo da kunya huɗu cikin gidan.

Shaida ta farko, ta takarda, an rubuta ta a 1855. Sarki Napoleon na Uku zai yi baje kolin duniya a Paris, aka nemi majalisar 'yan kasuwar Bordo ta kawo jerin giyoyinta mafi kyau, ita kuma ta miƙa aikin ga dillalai. Dillalan ba su zauna ɗanɗano ba. Littattafan ciniki suka buɗe, suka jera gidaje aji biyar bisa farashin da aka daɗe ana biya. Huɗu suka hau aji na ɗaya: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Jerin da aka yi don bikin shekara guda shi ne ke mulki har yau a kan gidaje 61, babban sauyin da aka taɓa yi masa kuma shi ne na 1973, lokacin da Baron Philippe de Rothschild, bayan shekaru yana fafutuka, ya samu aka ɗaga Mouton zuwa aji na ɗaya, a zamanin da Jacques Chirac ke ministan noma. A ganina nan ne rashin adalcin tsarin ya fi fitowa. Aji yana bin sunan gida, ba filin ba, don haka gida mai aji yana iya sayen gonar maƙwabcinsa marar aji, inabinta ya shiga kwalba mai tsada. Gidan da ya yi shekara hamsin yana aiki mai kyau amma ba ya cikin jerin, sai dai ya yi haƙuri. Petrus, wadda ta fi yawancinsu tsada, ba ta cikin kowane aji, domin yankinta na Pomerol bai taɓa yin jeri ba.

Dokar kare sunan yanki ma daga maguɗi ta samo asali. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye gonakin Faransa, ba a tsira ba sai da aka riƙa aurar da kurangar Turai a kan saiwar Amurka. A tsakanin nan giya ta yi ƙaranci, aka cika kasuwa da gauraye-gauraye, Aljeriya da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ta zama babbar mai fitar da giyar inabi a duniya, ana kwararo ta a jiragen ruwa ana ƙara wa ta Faransa ƙarfi da launi. Dokar 1935 ce ta kafa hukumar da ke ƙayyade wane fili ke da ikon ɗaukar wane suna, da wane iri, da yawan abin da za a girba a hekta.

Takarda dai tana faɗin inda kwalba ta fito. Ba ta faɗin abin da ya same ta cikin shekara arba'in. Giya na son wuri mai duhu da laima, sanyinsa kusan digiri 12 ko 13, kwalbar a kwance don kada toshiya ta bushe. Mako biyu a kwantena a tashar jirgin ruwa mai zafi sun isa su dafa ta. Shi ya sa in aka kawo tsohuwar kwalba teburi, kafin a taɓa toshiyarta sai an ɗaga ta a haske an duba inda ruwan ya tsaya. In yana wuya, madalla. In ya sauka zuwa tsakiyar kafaɗa, iska ta shiga, fuskoki su canza. Sannan a zare toshiyar a hankali, domin ta shekara hamsin tana iya marmashewa a hannu, a karanta hatimin gida da shekarar da aka buga a jikinta. A kunna kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalbar, a riƙa tsiyayawa cikin tulun gilashi, ido na kan wuyan, da zarar guiɓi ya taso a tsaya. Bayan duk wannan, tana iya fitowa da warin jiƙaƙƙen kwali saboda wani sinadari da ke ɓata toshiya, kuma ba mai mayar maka da kuɗinka. Mutumin da ya ɗauko ta daga wata nahiya a naɗe cikin rigunansa sai ya haɗiye takaicinsa, a buɗe ta gaba.

Saura shaida ta uku, harshen masana, wadda ita aka fi dogara da ita kuma ita ta fi rauni. Ranar 24 ga Mayun 1976 wani ɗan Ingila mai shagon giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa tara, ya ɓoye musu sunayen kwalabe. A ɓangaren ja, wata giyar Kalifoniya, Stag's Leap Wine Cellars ta 1973, ta zo gaban manyan giyoyin Bordo, wato Mouton da Haut-Brion da Montrose na 1970. Faransawa suka ce a jira, tasu da tsufa take nuna kanta. Da aka maimaita a 2006 da giyoyin nan bayan sun ƙara shekara talatin, na Kalifoniya ne suka kwashe matsayi biyar na farko. A 2001 kuma wani mai bincike a Jami'ar Bordo, Frédéric Brochet, ya rina farar giya ta koma ja ya ba ɗalibai 54 masu karatun fannin, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Wannan ba ya nufin babu gwanaye, akwai masu gane yanki da shekara da hanci kawai. Yana nufin ido da suna suna riga harshe isa, kuma mutumin da ya san an biya dala dubu biyar a kan abin da ke kofinsa ya riga ya karkata.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan rauni shi ne Rudy Kurniawan, wani matashi ɗan Indonesiya da ya bayyana a Los Angeles a farkon shekarun 2000. Bai fara da sayarwa ba. Da teburin ya fara. Ya shiga ƙungiyoyin masu sha'awa, yana da hanci mai kyau da kowa ya shaida, yana saye a gwanjo ba ji ba gani, yana buɗe wa mutane kwalaben da ba su taɓa mafarkin gani ba, har suka laƙaba masa Dr. Conti saboda son da yake wa Romanée-Conti. Bayan liyafa sai ya ce a aika masa da kwalaben da aka shanye gida. Ba wanda ya kawo komai a ransa, ai masu tarawa suna ajiye su don tunawa. A 2006 aka yi gwanjo biyu na kayansa a New York, na biyun kaɗai ya tara dala miliyan 24.7. Waɗanda suka ci suka sha da shi su ne suka zama shaidunsa, kuma kowane sharhin yabo da suka rubuta a kan kwalbarsa ya ƙara wa ta gaba farashi.

Ba harshe ne ya kama shi ba, littafin gida ne. A Afrilun 2008 aka sa wasu kwalabe na gidan Ponsot na Burgundi a gwanjo, cikinsu da Clos Saint-Denis na shekarun 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot, mai gidan, ya san cewa iyalinsa ba su fara yin wannan giya ba sai 1982. Ya hau jirgi ya sauka New York, ya shiga zauren gwanjon da kansa, aka janye kayan. Duk da haka sai a Maris na 2012 jami'an FBI suka shiga gidan Kurniawan a Arcadia ta Kalifoniya. Sun tarar da kwalabe a jiƙe a wurin wanke-wanke ana ɓare musu takarda, da dubban takardun manne na manyan gidaje da aka buga, da hatimai, da buhunan tsofaffin toshiya, da rubutattun ƙa'idojin yadda za a gauraya giya mai araha ta yi kama da ta 1945. An same shi da laifi a Disambar 2013, aka yanke masa shekara goma a 2014, aka mayar da shi Indonesiya a 2021. Kwalabensa da yawa suna nan a rumbunan mutane, kuma wanda ya gano ya sayi jabu yana da dalilin yin shiru, tun da magana za ta zubar da darajar sauran kayansa. Tun daga lokacin manyan gidaje suka ƙara himma wajen sa lambobi da hatimin da ba ya buɗuwa sau biyu, amma wannan sababbin kwalabe yake karewa. Ta 1961 ba ta da abin da ya wuce rasit da amana.

Kuɗin da ya jawo irin su Kurniawan bai daɗe da shigowa ba. Wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, ya yi suna da yabon girbin 1982 tun giyar tana cikin ganga, makinsa na ɗari bisa ɗari kuma ya ba wanda bai san komai ba lambar da zai saya da ita. Bordo dama tana da al'adar sayar da giya tun tana ganga, a biya yau a karɓa bayan kusan shekara biyu, abin da ya mai da ita kamar hannun jari. Da Hong Kong ta soke harajin giyar inabi a 2008, masu kuɗin Sin suka shigo, farashin Lafite ya yi tashin gwauron zabi har tsakiyar 2011, sannan ya faɗo. Kwalabe da yawa yau suna kwance a rumbunan ajiya a Ingila, suna sauya masu su a kwamfuta ba tare da an motsa akwatin ba. Masu haɗuwa a teburi suna ƙorafin wannan ƙwarai, domin abin da uba ya saya da albashin likita, ɗansa likita ba ya iya saye.

Al'adar zuwa da kwalba kuwa ta daɗe a wurin manoma. A ƙauyen Meursault, ranar Litinin da ke bin gwanjon giya na asibitin garin Beaune na Lahadi ta uku a Nuwamba, ana yin walimar ƙarshen girbi da Jules Lafon, wani mai gonar inabi a ƙauyen, ya farfaɗo da ita a 1923. Ɗaruruwan mutane ke zama tun rana har dare, kowane manomi da kwalabensa a hannu, yana zagayawa yana zuba wa maƙwabta. An kwaikwayi wannan walima a New York tun 2000, sai dai can kujera kanta da tsada take.

Abin da ke damuna a labarin nan shi ne wanda ba ya zuwa teburin ko kaɗan. Gidajen da ake musu a kansu ɗan ƙaramin kaso ne na Bordo. Sauran dubban manoma ne masu sayar da kwalba a kan Yuro kaɗan, kuma kasuwarsu tana mutuwa. A shekarun 1960 Bafaranshe yana shan sama da lita 100 a shekara a matsakaicin lissafi, yau kusan 40 ne, jar giya kuma ita matasa suka fi gudu. Dokar Évin ta 1991 ta taƙaita talla, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta faɗa a 2023 cewa babu adadin barasar da za a ce ba ya cutarwa, magana da ta rushe tsohon zancen cewa kofi ɗaya na jar giya yana gyara zuciya. Sin ma ta rage saye. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da rarar giya barasar masana'antu, aka kuma buɗe shirin biyan manoman Bordo kimanin Yuro 6,000 a kan kowace hekta su tumɓuke kurangarsu, ana hasashen hekta 9,500. A wannan shekarar, hekta ɗaya a Pauillac, garin Lafite da Latour da Mouton, ta haura Yuro miliyan biyu. Tafiyar sa'a guda daga nan, hekta mai ɗauke da sunan Bordo ɗin dai ba ta kai Yuro dubu ashirin ba, kuma sau da yawa babu mai saye.